Ɗigon da Ya Tsaya a Bayan Kasuwa

A garinmu babban mutum ba ya gudu sai in wani abu ya biyo shi. Shi ya sa lokacin da na fara fita da gajeren wando bayan sallar asuba, mutanen Kiru suka kasu biyu a kaina. Wasu suka ce karatun kwamfuta ne ya taɓa ni, wasu suka ce likita ne ya gaya mini wata magana nake ɓoyewa. Gwaggona har rubutu ta aiko mini a kwalbar lemo. Na shanye, na yi godiya, washegari na sake fita. Waɗanda suka fi kowa dariya su ne 'yan majalisar bakin tasha, mutanen da ba sa iya tashi daga kan benci sai sun dafa gwiwa sun yi nishi. In na zo wucewa sai ɗayansu ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, a dawo lafiya, in ka kamo shi a yanka mana!" Shekara da shekaru ba'ar nan guda ɗaya suke yi, kuma kullum sai sun ƙyalƙyale da dariya kamar ranar suka ƙirƙiro ta.

Sana'ata rubuta manhaja. Ni da wani abokina muka kafa ɗan kamfani a shago ɗaya mai janareto. Abin da muke sayarwa ba shi da wuyar ganewa. Manoman rani na Tiga da 'yan gwari suna loda tumatir da tattasai zuwa kudu, mota ta tashi, mai kaya ya zauna hankalinsa ba a kwance ba, don bai san ko direba zai ratse ya sauke kwanduna a wani wuri ba. Sai muka samo wata 'yar na'ura, ba ta fi akwatin ashana ba, a maƙala ta a jikin mota. Mai kaya yana zaune a gida zai ga ɗigo kore yana tafiya a kan taswira a wayarsa. In motar ta bar hanyar da aka zana mata, sai ɗigon ya koma ja. Aikin ke nan.

Ni nake rubutawa, abokina yake magana. Haka muka raba aikin, kuma in za a yi masa adalci, ya iya nasa. Mutum ne da zai shiga ofis ba shi da komai sai turare, ya fito an yi masa alkawari. Ɗan Bebeji ne, amma tun da ya yi 'yan watanni a Abuja ya dawo yana tambayar mutane yadda ake kiran abubuwa da Hausa. Da ya ga gudu ya zama yayi a wurin manya, sai ya sayi kambas mai tsada da agogon hannu mai ƙirga taku. Da idona na gan shi zaune a shago yana kaɗa hannu ɗaya, yana cin tsire da ɗayan, don agogon ya ɗauka tafiya yake yi. Da yamma ya ɗora hoton agogon a intanet, ya rubuta wa'azi a ƙasa a kan juriya.

Mutane sukan tambaye ni yadda nake haɗa kamfani da gudu. Gaskiyar magana ba sa haɗuwa, kowanne gutsurar ɗan'uwansa yake yi. Ina tsakiyar hawan tudu waya za ta yi ƙara, wani Alhaji yana ihu wai motarsa ta yi ja, in tsaya a bakin hanya ina haki ina duba masa, in tarar direban mai ya ratse ya sha. Da rana kuma ina gaban kwamfuta, cinyoyina suna zugi, barci yana fizgata. Ranar Asabar nakan hau keke in nufi Tudun Wada, in ƙarfina ya kai in wuce har tuddan Doguwa, wuraren da sabis yake ɗaukewa, can ne kaɗai babu mai iya kirana. Abokina yana kiran wannan ɓata lokacin kamfani, shi da yake kashe wuni guda yana zaɓar launin katin gayyata.

Koyarwa kuwa ban neme ta ba. Mutane ne suka riƙa biyo ni ɗaya bayan ɗaya, wani tela, wani malamin firamare, wasu masunta daga Tiga, har muka zama 'yar ƙungiya, suka fara kirana Koci. Muka mai da hanyar bakin dam filin horonmu. A can na haɗu da makiyayin da wannan labari yake kansa. Ina cikin gudu, ina jin babu kamata, sai ga wani dogon Bafulatani da takalmin roba ya taho ta bayana, sanda a kafaɗa, yana bin wani bijimi da ya ƙwace. Ya jera da ni ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi gida da aiki da gajiya, ni kuwa ko amsa na kasa sai ɗaga hannu. Ya ce in yi haƙuri zai ɗan yi gaba. Ranar ban koma shago ba sai da na gano rugarsu.

Magidanci ne, ya doshi talatin, bai daɗe da aure ba, yana noma yana kiwo. Gudu da shi ya zo. Abin da na ƙara masa shi ne kada ya ƙone ƙarfinsa tun farko, da yadda zai sha ruwa ba tare da ya tsaya ba, da haƙurin bin mutum a baya har lokacin wucewa ya yi. Ya ɗauki komai da sauri, kuma na ji daɗin aiki da shi fiye da duk wata manhaja da na taɓa rubutawa. Akwai abu ɗaya da ban taɓa yunƙurin sauya masa ba, kunyar surukinsa. Rugar surukan nasa tana gefen garin Ƙofa. Bai taɓa kama sunan tsohon ba, sai dai ya ce su Baffa. Ba ya cin abinci inda tsohon yake, in ya hango shi a kasuwa sai ya sauya layi. Balle a ce ya wuce ta gabansa a guje, cinya a waje. Mu ma Hausawa muna da wannan kunya, amma tasu ta ninka tamu. In horo ya bi da mu ta wajen, zagayawa muke yi ta gonaki, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin mamaki a cikin haka.

A ƙarshen wata damina aka aiko mana cewa kocin jiha zai zo ya kalli tsere, zai ɗauki mutum biyu na farko zuwa sansanin horo a Kano, da alawus da damar zuwa gasar ƙasa. A wurin makiyayin, daga wannan babu wata. Mahaifinsa ya gaji da ganin ƙato yana gudu babu saniya a gabansa, ya yanke masa magana: in gwamnati ta ɗauke shi, to, ya je, in ba ta ɗauka ba, da an gama girbi zai kora shanu kudu tare da 'yan'uwansa, a rufe zancen gudu. Shekarunsa ma ba za su jira wata damar ba. Ni dai ban damu ba, don na san a duk yankin babu mai kamo shi.

Na zana hanya daga Tiga zuwa Ƙofa, ta bi ta bayan gari ta ƙare a filin makaranta. Da abokina ya ji labari sai idonsa ya buɗe. Akwai wasu masu zuba jari daga Abuja da ya daɗe yana lallaɓawa, ya ce ai ga ranar da za a nuna musu kayanmu. A ɗaura wa kowane ɗan tsere na'urarmu a ƙugu, a kafa babban allo, baƙi su zauna su ga ɗigo-ɗigo suna tafiya kamar motocin tumatir. Wannan ban ƙi ba, don shi zai kawo ruwa da kyaututtuka. Amma sai ya ce filin makaranta ba shi da jama'a, ba ya kyau a hoto. A bakin kasuwa za a kafa rumfa, 'yan tsere su ratsa tsakiyar gari, su wuce ta gaban manyan baƙi, su zagaya fadama, su dawo su ƙare a gaban rumfar.

Na ce masa, "Ka san surukan mutumina a gefen garin nan suke. In ya ga tsohon nan, ba zai wuce ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Injiniya, a wannan zamanin? Mutumin da yake neman gasar ƙasa? Ka riƙa tunani irin na wayayyu mana. Kuma tsohon da yake can cikin ruga, me zai kawo shi kasuwa ranar da ba ta ci?"

Na je na gaya wa makiyayin. Ya ce su Baffa ba sa zuwa irin wannan taro, in dai tsakiyar gari ne kawai, zai sunkuyar da kai ya wuce. A haka muka tsaya. Abin da ban sani ba, abokina ya lura cewa hoton taro ba ya cika sai da rawani da farin gemu. Da safiyar ranar ya tura mota ƙauyuka da rugage, aka ɗebo dattawa kamar ranar zaɓe, aka jera su a sahun gaba a kan kujerun roba, kowa da lemo a hannu.

A al'ada ina bin 'yan tserena a kan keke, ina miƙa musu ruwa ina yi musu ihu. Ranar kuwa aka ɗaure ni a gindin allo da kwamfuta a cinya, don sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma babu mai iya lallashinsa sai ni. Ina zama na ɗaga kai, sai na ga tsohon a sahun gaba cikin farar riga, malfa a gwiwa, lemonsa a ƙasa bai buɗe ba. An riga an tashi tseren a Tiga, makiyayin ba shi da waya a jikinsa, na'urar kuma ba ta kai saƙo. Na lallashi kaina cewa jama'a da yawa, shi kuma kansa a ƙasa zai taho, mai yiwuwa ya wuce bai gan shi ba.

A tsakiyar rumfa ga masu zuba jari su biyu, da baƙin tabarau, suna latsa waya. Kusa da su ga kocin jiha, usur a wuya, rigar wasanninsa ta ƙi rufuwa a kan tumbi. Abokina ya sha kayan gudu tun daga sama har ƙasa, har da lamba a ƙirji, yana kai-kawo tsakanin kujeru, kuma wannan kai-kawon shi ne gudu mafi tsawo da na taɓa ganin ya yi. Lasifika kuwa an ba wani mai sanarwar biki, irin waɗanda ba sa iya barin shiru ya kai numfashi ɗaya. An rataye lasifikokin a jikin turakun lantarki tun daga bakin kasuwa har mashigar gari.

Tun kafin rabin hanya ɗigon makiyayin ya fita daga cikin sauran, ya yi gaba shi kaɗai. Tazarar ta yi ta ƙaruwa har baƙin suka ajiye wayoyinsu. Kocin jiha ya gyara zama, ya tambaye ni wane ne wannan. Na gaya masa, raina fes. Ina jin wani a bayana ya raɗa wa mai sanarwa sauran bayanin, don daidai lokacin da ɗigon ya kawo mashigar gari, sai gogan naka ya ware murya.

"Jama'a, ga shi nan tafe! Ga namijin duniya! Kuma albishirinku, surukinsa yana nan zaune tare da mu a sahun gaba! Baba, ɗaga hannu a gan ka! Yau za ka ga irin mijin da ka ba 'yarka!"

Wuri ya ɗauki dariya da tafi. Tsohon bai ɗaga hannu ba. Ya ɗauki malfarsa, ya miƙe a hankali, ya ratsa tsakanin kujeru bai kalli kowa ba, ya shige lungun da yake gefen rumfa. Na sauke ajiyar zuciya, na ce Allah ya saka wa tsohon nan da alheri, ya ba shi hanya. Sai na mai da ido kan allo. Ɗigon ya rage sauri a mashigar gari, ya karkata hagu, ya bar titi, ya koma ja.

Na san lungun. Shi kaɗai ne yake zagaya bayan kasuwa ya ɓulla a hanyar fadama. Makiyayin ya ji sanarwar daga lasifikar bakin gari, ya shiga ta wancan bakin don kada ya wuce ta gaban surukinsa. Tsohon kuma ya shiga ta wannan bakin don kada surukinsa ya wuce ta gabansa. Ina kallo jan ɗigon ya yi tafiya kaɗan, sannan ya tsaya cak.

Abin da ya faru a wurin, wata mai tuyar awara a lungun ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce kaciɓis suka yi a inda lungun ya matse. Makiyayin ya zube ya durƙusa, yana jan 'yar rigarsa don ta rufe gwiwoyinsa, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. Tsohon ya juyar da fuska wajen katanga. Aka fara gaisuwa. Gida, da shanu, da damina, da gajiya, da mutanen wancan gefe. Ƙarami ba ya katse gaisuwar suruki. Tsohon kuma ba zai ce masa tashi ka ci gaba da gudu ba, don faɗin haka yana nufin ya ga cinyar da yake yin kamar bai gani ba. Sai da gaisuwa ta ƙare don kanta, tsohon ya ce a gai da gida, ya wuce. Makiyayin bai tashi ba sai da tsohon ya sha kwana.

A rumfa kuwa, da farko abokina ya yi tsuru-tsuru. Sai ya ga baƙin sun cire tabarau sun matso gaban kujera. Nan take ya karɓe lasifika.

"Kun gani! Kun gani da idonku! Wannan shi ne aikin manhajarmu. Mutumin nan ya bar hanya, ga shi can ya laɓe, wa ya sani ko ɗan acaɓa yake jira. Da motar tumatirinku ce, da yanzu kun kama direba. Babu mai yi wa fasaha maguɗi!"

Aka yi tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, fiye da rabin masu tafin sun san abin da ya faru, don a gabansu tsohon ya tashi. 'Yan garin ne, kowannensu yana da surukin da yake kauce wa. Amma baƙin Abuja sun tafa, don haka su ma suka tafa. Dattawan sahun gaba ne kawai suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa. Na miƙe na ce ba haka ba ne, abokina ya danne mini kafaɗa yana murmushi wa baƙi, ya ce ta gefen baki, "Zauna, kada ka ɓata mana rana."

Mutum uku suka wuce ta gaban rumfa kafin ɗigon ya motsa. Lungun ya fi titi tsawo, ga kwata ga awaki. Ya ɓulla a hanyar fadama yana na huɗu, ya shiga bin su. Ban taɓa ganin gudu irin wanda ya yi a fadamar nan ba, kuma a allo kawai na gan shi. Ya cim ma ɗaya ya wuce, ya cim ma na biyu ya wuce. Na farkon, wani ɗan Tudun Wada, ya riga shi shiga da abin da bai fi tsawon rumfar ba. Ya zo na biyu, wato ya samu abin da ya zo nema. Amma a allo lambarsa ja ce, kuma mai sanarwar da ya gama kiransa namijin duniya yanzu yana faɗa wa jama'a cewa asiri ya tonu.

Na ajiye kwamfuta na nufi lasifika. Makiyayin yana duƙe, hannuwansa a gwiwa, amma ya riƙo gefen rigata.

"Koci, me za ka ce?"

"Gaskiya zan faɗa."

"A lasifika? A sake kiran su Baffa a lasifika? Don Allah kada ka yi. An riga an kunyata shi sau ɗaya yau saboda ni."

"Za su ce ka yi maguɗi."

"Su ce."

Ba ni da ikon kashe mutuncin da yake tsarewa don in ceto wanda ya yarda ya rasa. Sai na koma wurin kocin jiha, na ja shi gefe, na nuna masa komai a kwamfuta. Ga hanyar da ya bi, ta fi ta kowa tsawo. Ga saurinsa, babu inda ya yi kama da na babur. Na gaya masa wanda ya gamu da shi a lungun. Ya yi ƙasa da murya ya ce wallahi ya gane, shi ma ɗan ƙauye ne, har yau ba ya iya shan ruwa a gidan surukansa. Sannan ya waiga ya kalli baƙin Abuja.

"Amma Injiniya, me zan rubuta a rahoto? In ce ya tsaya gaisuwa? A yi mini dariya a ofis? Na'urarku ce ta ce ya bar hanya, a gaban mutane. Ni ina ruwana."

Ya ɗauki na ɗaya da na uku, ya ci shinkafarsa da kaza, ya shiga mota. Ƙato guda, an ba shi aikin nemo masu gudu, ya ga irin wanda ba zai sake gani ba, ya bar shi don kada a ce masa baƙauye.

Na mai da lambar kore a cikin manhajar, amma aikin banza ne. Abokina ya riga ya ɗauki hoton jan ɗigon ya watsa, da dogon rubutu a kan gaskiya da riƙon amana. Baƙin sun tafi suna yabonsa. Da muka koma shago na gaya masa duk abin da yake bakina, ya saurara yana goge kambas ɗinsa da bai taɓa taka laka ba, ya ce in daina haɗa kasuwanci da tausayi, mutum ɗaya ne kawai, kuma ai makiyayi ne, yana da shanunsa. Ba mu daɗe ba muka raba gari. Ya tafi da baƙinsa, na zauna da 'yan gwarina. 'Yan majalisar bakin tasha kuwa sun samu sabuwar ba'a bayan shekaru, in na zo wucewa sai su ce, "Injiniya, a kira maka acaɓa?"

Makiyayin bai sake zuwa horo ba. Da aka gama girbi ya zo ya yi mini sallama, bai ɗora wa kowa laifi ba, ya kora shanu suka yi kudu. Na ci gaba da fita da sauran, amma na daɗe ban ji daɗin hanyar bakin dam ba.

Bayan tafiyarsu, wata ranar kasuwar Kiru, ina shago ni kaɗai sai na ji sallama. Tsohon ne. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Na ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a tabarma, ni ma na sauko. Muka gaisa. Ya daɗe yana juya malfarsa kafin ya yi magana, kuma har ya gama bai kama sunan surukinsa ba.

"Malam, in akwai inda ake zuwa a yi bayani a Kano, zan je. In gaya musu ni na tare hanya. Yaron nan bai hau komai ba."

Na ce, "Baffa, na sani. Na gaya musu. Amma an riga an rufe sansanin."

Ya gyaɗa kai, da alama ya san amsar tun kafin ya taso. Ya ce babu wanda ya tilasta masa shiga motar ɗibar dattawan nan ranar. Ya daɗe yana jin mutane suna cewa babu mai kamo yaron, shi kuwa bai taɓa gani ba, kuma ba abin da zai tambaya ba ne. Ya ɗauka zai tsaya can bayan jama'a ya leƙa, babu wanda zai san ya zo. Sai aka kama hannunsa aka kai shi sahun gaba.

Sannan ya nuna kwamfutar da haɓa. "An ce abin nan naku yana ajiye abin da ya gani."

"Yana ajiyewa, Baffa. Amma ba hoton mutum ba ne, ɗigo ne kawai."

"To, ai ya fi."

Na sauko da kwamfutar kan tabarma, na buɗe tseren tun daga farkonsa. Ya matso, ya tambaya wanne ne, na nuna masa. Ya ɗora yatsa kusa da ɗigon bai taɓa allon ba, yana bin sa. Suka baro Tiga a dunƙule. Can ɗigon ya fita daga cikinsu ya yi gaba.

"Waɗannan fa?"

"Sauran ne."

"Duk a baya?"

"Duk a baya, Baffa."

Ya yi ta bin ɗigon da yatsa, tazarar tana ƙaruwa, har na ga bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi ya danne. Ɗigon ya wuce gonaki, ya tsallake gada, ya doso mashigar Ƙofa shi kaɗai, kore shar. Sai tsohon ya janye hannunsa.

"To, ya isa haka. Kashe."

Na kashe. Ya miƙe, ya ce in yaron ya dawo kada in gaya masa ya zo. Ya sa takalminsa ya shiga kasuwa.